Yadda ake haɗa sabulun aski a gida a karon farko

Duk wanda ya taɓa aske gemu da sabulun wanka ya san inda abin yake ƙarewa. Kafin a gama da kunci ɗaya kumfar ɗaya kuncin ta bushe, reza ta fara kartar fata, a tashi da raɗaɗi. Sabulun wanka an yi shi ne domin ya cire dauɗa ya wanku da sauri, shi kuwa sabulun aski ana so kumfarsa ta yi kauri, ta yi santsi, ta zauna a fuska har a gama aski ba ta sace ba. Na daɗe ina haɗa wannan sabulu a gida, kuma abin da na tabbatar shi ne cewa kyansa ya dogara ne a kan abu biyu, wato irin man da aka zaɓa da kuma awo na gaskiya a kan sikeli. Wanda ya kiyaye waɗannan biyun zai samu abin kirki tun a haɗin farko.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne sikelin lantarki na kicin wanda yake auna giram ɗaɗɗaya. Wannan ba shi da madadi. Masu haɗa sabulun wanki da yawa sun saba da awon gwangwani ko kofi, ko su jiƙa kostik soda ta kwana su gwada ƙarfinta da haidiromita, wato ma'aunin da ake tsomawa a ruwan, amma sabulun da za a goga a fuska sannan a bi shi da reza ba ya jure irin wannan kintace, domin ƙarin giram biyar na soda a ƙaramin haɗi ya isa ya sa fata ta yi zafi.

Ana buƙatar tukunya ta ƙarfe marar tsatsa, wadda ’yan kasuwa ke kira sitenles, mai ɗaukar lita uku ko fiye, da wata babbar tukunya da za a zuba ruwa a ɗora ta farko a ciki. A nan ne nake so a tsaya a lura sosai, domin mafi yawan tukwanen da ke gidajenmu na alminiyam ne, har da na dalma da maƙera ke zubawa, kuma soda tana cin alminiyam, ta ɓata sabulun, ta fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Babbar tukunyar da ruwa kaɗai zai shiga tana iya zama ta alminiyam, amma duk abin da zai taɓa soda ko ɗanyen sabulu, har cokali, dole ya zama sitenles ko roba mai jure zafi. Robar da ta dace ita ce wadda idan aka juya gindinta za a ga lamba 5 ko lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku. Kwalba ba ta dace ba, saboda zafin ruwan soda yana iya fasa ta.

Sauran kayan su ne jug na roba domin narkar da soda, ƙaramin kwanon sitenles domin narkar da sitiyarik (ɗaya daga kayan haɗin da ke ƙasa), babban cokali mai ƙwari, ƙananan kofuna na awo, ma'aunin zafi idan akwai, injin markaɗe na hannu idan akwai, da gwangwanayen roba masu faɗin baki guda shida waɗanda buroshin aski zai iya juyawa a cikinsu. Na kariya kuma akwai safar hannu ta roba, tabarau mai rufe gefen ido, riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe. Kayan da aka yi sabulu da su a ware su, kada su koma wajen girki.

Kayan haɗi da awonsu

Wannan awon na giram 500 ne na mai, kuma yana cika gwangwanaye shida matsakaita:

- Sitiyarik asid, giram 200
- Tataccen kitsen saniya, giram 125
- Man kwakwa, giram 100
- Man kaɗanya, giram 50
- Man zurma, giram 25
- Kostik fotash mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari, giram 65
- Kostik soda, giram 28
- Ruwa, giram 190
- Gilisarin, giram 50
- Man ƙamshi, giram 5, ga mai so

Sitiyarik asid wani farin abu ne mai kama da ɓarɓashin kyandir, ana samunsa a shagunan masu sayar da sinadaran haɗa sabulun ruwa da man shafawa, kuma a nan ne ake samun soda da gilisarin. Fotash ya fi wuyar samu a ƙananan garuruwa, wani lokaci sai an aika an sayo daga manyan dillalan sinadarai irin na Ojota a Legas. A duba jikin buhu ko leda: a kan fotash ana rubuta KOH, a kan soda kuma NaOH.

Akwai ruɗani guda da ya sha ɓata wa masu farawa aiki. A kasuwa idan aka ce fotash, mutane da yawa kanwa suke nufi, kuma kanwa wani abu ne dabam wanda ba zai mayar da waɗannan mayukan sabulu ba. Haka nan soda ash da ake sa wa sabulun wanki da bekin soda ta yin cincin, babu ɗayansu da zai tsaya a madadin kostik soda. Idan mai shago bai iya nuna rubutun da ke jikin buhun ba, gara a je wani shagon.

Ruwa kuma a samu na sama da aka tace, ko tsabtataccen ruwan leda. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da zartsi, kuma irin wannan ruwan yana kashe kumfa.

Dalilin wannan haɗin a taƙaice

Idan mai ya haɗu da soda ko fotash sai su rikiɗe su zama sabulu da gilisarin, kuma idan awo ya yi daidai babu sodar da za ta rage a ciki. Kowane mai yana da adadin sodar da yake ci, kuma kowanne yana ba da irin kumfarsa. Man kwakwa yana ba da kumfa mai yawa da sauri, amma mai manyan ƙwayoyi ce, ba ta daɗewa, kuma idan ya yi yawa yana busar da fata. Sitiyarik, wanda masanin sinadarai ɗan Faransa Michel Chevreul ya bayyana a 1823 a bincikensa kan kitsen dabbobi, shi ne ke ba da kumfa mai laushi da kauri wadda ba ta sacewa, kuma akwai shi da yawa a cikin kitse da man kaɗanya. Matsalarsa ita ce idan da soda kaɗai aka yi shi sabulun yakan yi tauri ƙwarai, buroshi ya yi ta gogawa ba ya ɗaukar komai. Fotash ne ke warware wannan, domin sabulunsa yana da taushi kuma yana narkewa cikin ruwa da sauƙi. Wannan shi ne dalilin taushin sabulun salo, wanda ake yi da ruwan toka, domin toka ma fotash ne a cikinta. A awon da na bayar fotash ne ke yin kashi 60 na aikin, soda ta yi kashi 40, kuma na rage su da kimanin kashi 5 cikin ɗari domin ɗan mai ya saura bai zama sabulu ba, ya tausasa fata.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne ba a sauya wani mai da wani a bar awon soda yadda yake, sai dai sauye-sauyen da zan ambata a ƙasa waɗanda na riga na lissafa.

Mataki na 1: tace kitse

Wannan aikin a yi shi kwana ɗaya kafin ranar haɗi. A sayi kitse wajen mahauci, kuma a nemi mai tauri na kewayen ƙoda, domin ya fi tsabta kuma ƙarninsa bai kai na sauran ba. Rabin kilo ya isa har a samu saura. A yanka shi ƙanana, a cire jijiya da ragowar nama, a zuba a tukunya da ruwa kofi biyu da gishiri cokali ɗaya, a dafa da ƙaramar wuta har ya narke. A tace da kyalle mai tsabta a bar shi ya huce ya daskare, idan da firji ya fi sauri. Kitsen zai taso sama ya zama faifai fari, dattin ya kwanta a ƙasa. A ɗaga faifan a kankare baƙin da ke ƙarƙashinsa, sannan a sake dafa shi da sabon ruwa ba gishiri, sau ɗaya ko sau biyu, har ƙarnin ya tafi. Daga ƙarshe a narkar da shi shi kaɗai a kan wuta kaɗan har ya daina ƙara, alamar ruwan da ke ciki ya ƙone, domin kitse mai ruwa yana ɓata awo.

Kakidin da ya rage daga suyar naman layya bai dace ba, saboda ya sha gishiri da kayan yaji kuma ya ƙone. Ɗanyen kitsen rago kuwa yana yi, sai dai warinsa ya fi ƙarfi, yana buƙatar wanki uku, kuma idan da shi za a yi a rage giram 1 daga fotash.

Mataki na 2: shirya wuri da auna komai

A zaɓi wuri mai iska, kamar tsakar gida ko baranda, a lokacin da yara ba sa nan, kuma a tanadi bokitin ruwa mai tsabta a kusa. A auna kowane abu a kwanonsa kafin a kunna wuta. Man kaɗanya a raba shi biyu, giram 25 ya shiga tukunya, giram 25 a ajiye shi gefe sai ƙarshe. Soda da fotash su ne na ƙarshe a awo, a busasshen kofi, kuma a rufe ledarsu nan take, domin suna jan danshi daga iska, musamman fotash da damina, wanda cikin ’yan mintuna sai a ga ya fara jiƙewa. Wanda ya daɗe a buɗe ya dunƙule ya rage ƙarfi, kuma sabulun da aka yi da shi yakan fito da maiƙo.

Mataki na 3: narkar da mayuka

A zuba ruwa a babbar tukunya ya kai kamar yatsu huɗu, a ɗora a wuta, a sa tukunyar sitenles a ciki, a zuba kitse, man kwakwa, man zurma da rabin man kaɗanya. A gefe guda kuma a narkar da sitiyarik a ƙaramin kwanonsa a kan ruwan zafi. Sitiyarik ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka yana ɗaukar lokaci. Ana so mayukan su tsaya tsakanin digiri 70 zuwa 75. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya dubi sitiyarik ɗin, idan ya zama garau kamar ruwa ya yi, idan ya fara yin hazo ko fari a gefen kwano to ya huce, a ƙara masa wuta. Gas, risho ko gawayi duk suna yi, muddin ruwan babbar tukunya yana ɓararraka a hankali. Kada a ɗora tukunyar mai kai tsaye a kan wuta.

Mataki na 4: haɗa ruwan soda

A sa safar hannu da tabarau. A auna ruwa giram 190 mai sanyi a jug, a zuba soda a cikinsa kaɗan-kaɗan ana juyawa har ta narke, sannan a bi da fotash haka nan. Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce soda ce ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, domin idan aka juya tsarin yana iya tafasa nan take ya fantsamo fuska. Ruwan zai yi zafi sosai da kansa, fotash zai yi ’yar ƙara yana narkewa, kuma tururi mai shaƙe maƙogwaro zai tashi na ɗan lokaci, saboda haka a kau da fuska a tsaya ta inda iska ke fitowa. A ci gaba da juyawa har ruwan ya washe, babu ko ƙwaya ɗaya a gindin jug.

Idan ya taɓa fata a cire tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa a wurin na aƙalla minti goma sha biyar, kada a shafa mai ko lemon tsami ko wani abu. Idan ido ne a wanke shi da ruwa mai yawa haka nan, sannan a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai kuma abin da ya fi damuna a wannan sana'a: ruwan soda idan ya washe ba shi da bambanci da ruwan sha a ido, kuma yara da dama a gidajen masu yin sabulu sun sha shi, ya ƙone musu maƙoshi, wasu har abinci ya daina wucewa. Kada a taɓa zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo, kada a bar shi a ƙasa, kada a haɗa shi a ajiye sai gobe. A haɗa a yi amfani da shi a zama ɗaya.

Mataki na 5: haɗa soda da mai

A rage wuta, a tsiyaya ruwan soda a cikin tukunyar mayuka a hankali ana juyawa. A nutsar da kan injin markaɗe har ƙasa kafin a kunna, domin kada ya fantsala, a riƙa kunnawa na daƙiƙa goma ana kashewa ana juyawa da hannu. Haɗin zai tashi daga ruwa-ruwa ya yi fari, sannan ya yi kauri kamar koko, har idan aka ɗaga cokali aka ɗiga a sama sai layin ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya nutse. Wannan yakan ɗauki minti biyar zuwa goma sha biyar.

Daga nan a ajiye injin a ɗauki cokali, a zuba narkakken sitiyarik gaba ɗaya, a tuƙa da ƙarfi. Sitiyarik ba ya jira, da ya taɓa soda yake zama sabulu, don haka cikin ƙasa da minti ɗaya haɗin zai ɗaure ya koma kamar tuwon da ya yi tauri. Masu farawa sukan tsorata a nan su ɗauka ya lalace, alhali haka ake so ya yi. A ci gaba da dannawa ana juyawa, a kankaro gefe da gindi, har ya zama babu wani wuri mai ruwa ko dunƙule fari. Na fi son wannan tsarin na barin sitiyarik zuwa ƙarshe domin yana ba kitse da man kwakwa, waɗanda suke da nawa, damar haɗuwa da soda sosai kafin haɗin ya ɗaure.

Wanda ba shi da injin markaɗe ya narkar da sitiyarik tare da sauran mayukan a tukunya ɗaya, ya zuba ruwan soda, ya tuƙa da cokali da iyakar ƙarfinsa. Zai ɗaure nan take, kuma zai buƙaci ƙarin rabin awa a dahuwa da yawan juyawa, amma sabulun yana fitowa.

Mataki na 6: dahuwa

A rufe tukunyar, a bar ta a kan ruwan da ke ɓararraka, a riƙa buɗewa kowane minti goma ana juyawa. A lura da ruwan babbar tukunya kada ya ƙafe. Wani lokaci sabulun yakan kumbura ya taso kamar zai zubo, shi ya sa na ce tukunya ta zama babba, kuma idan ya taso juyawa kawai ke kwantar da shi. Idan ya bushe ƙwarai har yana farfashewa, a yayyafa ruwan zafi cokali ɗaya ko biyu. A hankali farin zai ragu, ya fara sheƙi, ya koma kamar man basilin mai kauri. Daga minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya yawanci ya isa.

Mataki na 7: gwaji

A ɗebi ɗan kaɗan a bar shi ya huce. A jiƙa yatsa a goga a kai, sannan a taɓa yatsan a kan harshe. Idan ɗanɗanon sabulu kawai aka ji, mai ɗaci-ɗaci, to ya nuna. Idan kuwa aka ji wani tsini kamar an ɗora harshe a kan batir, akwai sauran soda, a kurkure baki a ƙara minti ashirin a wuta a sake gwadawa. Mai takardar gwajin pH, wadda launinta ke nuna ƙarfin soda, ya narkar da ɗan sabulu a ruwa ya tsoma ta, ana sa ran ganin tsakanin 9 da 10. Idan an dafa har awa biyu tsinin bai tafi ba, kuskure ne a awo, kuma shawarata ita ce kada a kai wannan sabulun fuska, a mai da shi na wanki a sake sabo.

Mataki na 8: ƙarin ƙarshe da zubawa

A sauke tukunyar, a zuba gilisarin da sauran giram 25 na man kaɗanya da aka narkar, a tuƙa har su shige. Gilisarin yana riƙe ruwa a cikin kumfa, kuma ana ƙara shi ne domin sitiyarik, saɓanin sauran mayuka, ba ya samar da nasa idan ya zama sabulu. A jira minti biyar zafin ya ragu kafin a sa man ƙamshi, in ba haka ba rabinsa zai bi iska.

A maganar ƙamshi ina ba da shawarar taka-tsantsan, domin fatar da reza ta bi ta fi kowace fata saurin jin zafi. Man kanumfari da na kirfa suna ƙona fuska, a guje su. Turaren fesawa ma bai dace ba. Man labanda yana da sauƙi, man na'ana'a yana ba da sanyi amma rabin awon ya isa. Ni a ganina haɗin farko gara a bar shi ba ƙamshi, domin idan fata ta yi ƙaiƙayi a san daga ina matsalar take.

A ɗebi sabulun tun da zafinsa a cika gwangwanaye, a bar kamar yatsa ɗaya a sama domin buroshi ya samu wurin juyawa, a danna da bayan cokali ko da hannu mai safa, a bubbuga gindin a ƙasa domin iska ta fita. Samansa ba zai yi sumul kamar na kanti ba, kuma wannan ba aibi ba ne.

Mataki na 9: hutawa

Tunda an dafa shi ana iya aski da shi washegari, amma kumfarsa a lokacin ba ta kai ba. A bar gwangwanayen a buɗe a inuwa na mako ɗaya, a lulluɓe su da siririn kyalle saboda ƙura, sannan a rufe a bar su mako biyu zuwa uku. Bambancin da ke tsakanin sabulun kwana biyu da na wata ɗaya babba ne, a laushi da kuma kumfa. Da hunturu kwana uku a buɗe sun isa, domin iska tana tsattsaga shi. Da damina kuwa za a iya ganin ɗigon ruwa a samansa kamar gumi, gilisarin ne ke jan danshi, a goge kawai a rufe.

Idan wani abu bai samu ba

Idan babu man kwakwa a sa man alayyadi giram 100 a rage giram 1 daga fotash. Idan ba a son kitse a sa man ja giram 125 ba tare da sauya awon soda ba, sai dai a nemi wanda aka cire wa launi, domin ɗanyen man ja yana rina kumfa da tawul. Idan fotash kaɗai ake da shi a sa giram 109 ba tare da soda ba, sabulun zai fito da taushi kamar man shafawa mai kauri, kuma yana aski da kyau ƙwarai.

Matsala mafi yawa ita ce a rasa fotash da sitiyarik gaba ɗaya. A wannan hali ga wani awon: kitse giram 250, man kaɗanya giram 125, man kwakwa giram 75, man zurma giram 50, soda giram 68, ruwa giram 165. A narkar da mayukan, a bar su da ruwan soda su huce zuwa kusan digiri 45, a haɗa a juya har ya yi kaurin koko, a zuba a gwangwanaye ba tare da dahuwa ba, a bar shi mako shida kafin a taɓa fuska da shi, kuma a yi gwajin harshe tukuna. Gaskiyar magana kumfarsa ba ta kai ta na farkon daɗewa ba, amma ya fi sabulun wanka nesa ba kusa ba.

Matsalolin da aka fi gani

Idan aka ga farin ɓarɓashi a cikin sabulun, a ciro ɗaya a gwada da jiƙaƙƙen yatsa. Wanda yake da santsin kyandir kuma ba ya tsini sitiyarik ne da ya daskare kafin ya haɗu, ba ya cutarwa, kuma maganinsa a gaba shi ne a riƙe zafi sosai a mataki na 5. Wanda yake tsini kuwa soda ce da ba ta narke ba, wannan sabulun bai dace da jiki ba. Idan mai ya taso sama lokacin dahuwa, juyi ne bai isa ba, a tuƙa a ci gaba. Idan bayan watanni aka ga ɗigo masu ruwan lemo da warin tsohon mai, man da aka yi amfani da shi ne ya tsufa ko kitsen bai wanku ba, saboda haka a riƙa shinshina man kaɗanya tun a kasuwa.

Yadda ake tayar da kumfa

Mutane da yawa sukan yanke wa sabulunsu hukunci alhali hannunsu ne bai saba ba. A jiƙa buroshin aski a ruwan ɗumi na minti biyu, a girgiza shi ya rage ruwa, a juya shi a kan sabulun na kimanin daƙiƙa talatin har bakin gashinsa ya cika da abu mai kauri. A wanke fuska da ruwan ɗumi, a fara gogawa, ana tsoma bakin buroshi a ruwa kaɗan-kaɗan. Wannan sabulun yana shan ruwa fiye da yadda ake zato, kuma ana gane ya ƙoshi idan kumfar ta yi sheƙi, ta yi kauri kamar kindirmo, ba a ganin ƙwayoyin iska a cikinta. Kafin askin farko a shafa ta a cikin damtse a bar ta minti goma, ta haka za a ga ko tana zama, a kuma ga ko fata ta karɓe ta. Wanda ba shi da buroshi yana iya yi da jiƙaƙƙun yatsu, sai dai kumfar ba za ta yi yawa ba.

Ga masu fama da ƙurajen aski, wanda ya zama ruwan dare ga masu nannaɗaɗɗen gashi irin namu, sabulun yana rage kartar fata amma ba magani ba ne. A yi aski da sabuwar reza wadda ba a raba ta da kowa, a bi inda gashi ya kwanta, kada a ja fata a miƙar da ita, kuma kada a maimaita wuri ɗaya ba tare da an sake shafa kumfa ba. Bayan an gama a tsiyaye ruwan da ya taru a gwangwanin, a bar shi a buɗe ya sha iska har samansa ya bushe kafin a mayar da murfi, buroshin kuma a wanke shi a rataye shi gashinsa yana kallon ƙasa.